Tafiyar Ƙasa a Kan Tsaunuka da Damina: Misali Daga Ƙasar Bagudo da Iyakar Benin



Abin da aka nemi in yi magana a kansa yau shi ne tafiyar ƙasa a hanyoyin tsaunuka lokacin ruwa. Wanda duk ya leƙa rubuce-rubucen Turawa a kan wannan batu zai tarar su abin nishaɗi suka ɗauke shi. Tun 1786 da aka fara kai wa ƙololuwar dutsen Mon Bulan, da kuma 1857 da aka kafa ƙungiyar mahaya duwatsu a Landan, ya zama al'ada a can mutum ya ɗauki hutu, ya sayi takalmi na musamman, ya je ya hau dutse ba tare da yana da wata bukata a bisansa ba. In ruwa ya tsananta sai ya fasa, ya koma masauki ya sha shayi. To, a ƙasar da zan yi misali da ita, watau ƙasar Bagudo ta Jihar Kebbi, mai bin turba da damina ko dai makiyayi ne wanda shuka ta kore shi daga fadama, ko mace mai kai nono kasuwa, ko manomi mai gona a bayan dutse, ko kuwa dangi da suka ɗauko mai naƙuda za su kai ta asibiti. Waɗannan ba su da ikon fasawa. Saboda haka abin da ya kamata mu bincika shi ne a wane wuri na hanyar haɗarin yake kwance, kuma a wane lokaci yake tashi.

Bari mu fara da ita ƙasar. Kogin Kwara yana shigowa Nijeriya ta wajen Lolo, ya ratsa Ƙaramar Hukumar Bagudo ya raba ta biyu, Gulbin Kebbi kuma ya zo daga arewa ya zuba a cikinsa. Garin Bagudo yana hayin gabas, su kuwa Illo da Lolo da Ka'oje da Tsamiya suna hayin da ke fuskantar Benin. Daga Lolo mutum na iya ƙetarawa Madekali ya nufi Malanbil, daga Tsamiya kuma ya shiga Segbana ya wuce Kandi. Wannan iyaka ba ta tsufa ba. A watan Yuni na 1898 ne Ingila da Faransa suka zauna a Faris suka raba ƙasar Bargu, aka bar wa Ingila Illo, Faransa ta riƙe Nikki, sa'an nan aka sake tantance layin a 1906. Turbobin da ke haɗa ƙauyukan Busawa da Dandawa da Kyangawa da rugagen Fulani sun girmi layin nesa ba kusa ba, kuma har yau su ake bi zuwa biki da jana'iza da cin kasuwa.

Tsaunukan wannan yanki ba dogaye ba ne. Mai neman dutsen da zai kira dutse sai ya nausa yamma har Atakora, wajen Natitingu, kuma ko can ɗin ba tsaunin da ya kai mita 700. Abin da ke ƙasar Bagudo tuddai ne masu shimfiɗaɗɗen kai, da jerin tsaunuka gajeru waɗanda ƙoramu suka yayyanka. Masana ilmin duwatsu sun raɗa wa wani jerin duwatsun wannan wuri sunan garin Illo, kuma abin da ke cikinsa dutsen yashi ne da tsakuwa da yumɓu. A bisa tuddan akwai ɓawon marmara mai tauri kamar an yi daɓe. Ina roƙo ku riƙe waɗannan abubuwa biyu, marmara a sama, yumɓu a ƙasa, domin kusan duk abin da zan faɗa a kansu ya rataya.

Ruwan da ke sauka a nan yakan kama daga wajen milimita 800 zuwa 1,000 a shekara, tsakanin Mayu da Oktoba, kuma Agusta ce watan malka. Amma jimillar shekara ba ta gaya wa matafiyi kome. Abin da ya dame shi shi ne yadda ruwan ke zuwa. Hadari yakan haɗu daga gabas, yawanci da la'asar ko da dare, ya turo iska mai ƙura a gabansa, sa'an nan ya zubar da abin da ya ɗauko cikin ɗan lokaci. Ga ɗan lissafi. Milimita ɗaya ta ruwa a kan fili mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya, lita ɗaya ke nan. Idan aka yi ruwan milimita 50 a kan tudu mai faɗin kilomita ɗaya da tsawon kilomita ɗaya, lita miliyan 50 ta sauka, watau abin da zai cika tankar mai fiye da 1,500. Da a kan jigawa ne da yashi ya shanye mafi yawansa. Amma marmara da fako ba su shan ruwa sai kaɗan, don haka sai ya gangaro gaba ɗaya, ya taru a 'yan ƙoramun da ke gindin tudun, waɗanda da hantsi yara ke wasa a cikin yashinsu. Wannan shi ya sa na ce mafi munin haɗarin hanyar tsauni da damina a gindin tsaunin yake. Mutum yakan hau lafiya, ya sauko lafiya, sai ƙoramar da ba ta da ko suna ta tafi da shi.

Mutanen da sun san haka. Fataken goro da ke tasowa daga Kano da Sakkwato su nufi Gwanja, waɗansu ayarinsu ta Jega suke biyowa, su ƙetare Kwara a Illo, su ratsa Bargu ta Kandi da Jugu har Salaga. Madugu ba ya ɗaura tafiya sai kaka ta yi, ruwa ya janye. Dalilansa a fili suke: kanwa da gishiri narkewa suke yi, tufafi da fatu suna yin fumfuna, jaki kuwa in ya kafe a taɓo da mangala a bayansa sai an sauke kayan kafin a ciro shi. Ayarin da damina ta riske shi a hanya yakan yada zango a wani gari ya jira, kuma irin wannan zama yana cikin abubuwan da suka haifar da unguwannin Hausawa a garuruwan wannan hanya. Aikin jagaba kuma, wanda ke wucewa gaban ayari, har da duba mashigi da tambayar mutanen wuri halin da ruwa yake ciki. Wanda ya ƙi wannan hikima ya ga sakamakonta. Mungo Park, a tafiyarsa ta biyu, ya makara bai baro Gambiya ba sai da bazarar 1805 ta yi nisa, da Turawa fiye da 40. Damina ta tarar da su a cikin duwatsun da ke tsakanin Kogin Sanagal da Kwara, zazzaɓi da atuni da cikakkun rafuka suka yi ta cin su, har sa'ad da suka ga Kwara a Bamako cikin Agusta saura mutum 11. Ragowarsu ne suka gangaro cikin jirgin ruwa, suka wuce ta wannan yanki namu, suka halaka a Busa a farkon 1806.

Game da ita kanta turbar ba zan tsawaita ba, don kowa a nan ya taɓa cin ƙasa. Santsi iri uku ne. Akwai na yumɓu, wanda ya fi muni a ruwan farko, sa'ad da saman ƙasa ya jiƙe ƙarƙashinta yana nan da tauri. Akwai na falalen dutse da gansakuka ta rufe. Akwai kuma na tsakuwar marmara, wadda take mulmulalliya, tana gangarawa a ƙarƙashin ƙafa. Sauka ta fi hawa haɗari, domin mai hawa in ya zame gaba yake faɗuwa ya dafa ƙasa, mai sauka kuwa baya yake tafiya, ƙeya ko ƙugu su bugu. Maganin shi ne gajeren taku, da sa tafin ƙafa gaba ɗaya, da karkata jiki a sauka a kaikaice inda gangaren ya yi tsanani. Sandar makiyayi a nan ƙafa ce ta uku. Mai kaya a ka shi ya fi kowa shiga uku, don ba ya iya sunkuyawa ya ga inda yake takawa, kuma in ya tashi faɗuwa sai ya ƙoƙarta ceton kayan maimakon wuyansa. Silifa ba takalmin damina ba ne. Takalmin roba mai rufi irin na Fulani, ko na taya mai maɗauri a dunduniya, ya fi shi sau goma.

Yanzu sai mu zo mashigi, inda nake so mu ɗan daɗe. Abu na farko da ke ruɗin mutane shi ne suna auna ruwa da zurfi kawai. To, ƙarfin da ruwa ke tura jiki da shi ba daidai da saurinsa yake ƙaruwa ba. In saurin ya ninka biyu, ƙarfin ya ninka huɗu, in ya ninka uku, ƙarfin ya ninka tara. Bugu da ƙari, gwargwadon yadda mutum ya nutsa haka ruwan ke rage masa nauyi, har ƙafarsa ta daina kama ƙasa sosai. Hukumar kula da yanayi ta Amurka ta daɗe tana gargaɗin cewa ruwa mai gudu wanda zurfinsa bai wuce santimita 15 ba, watau ƙasa da taƙi ɗaya, yana iya kayar da babban mutum, kuma santimita 60 ta isa ta tafi da yawancin motoci. Saboda haka ƙa'idar da zan bayar mai sauƙi ce. A jefa kara a ruwan, a bi shi ta gaɓa da tafiya. In karan ya tsere wa mai tafiya, kuma ruwan ya kai gwiwa, ba a shiga.

Abu na biyu, ruwan da zai ci mutum ba lalle ne ya sauka a kansa ba. Ana iya yin rana tarwai a inda kake, alhali an kwana ana ruwa a tuddan da ƙoramar ta taso. Alamunsa kuwa ba su ɓuya ga mai lura: ruwan ya rikiɗe ya yi ja, ya soma ɗauko kumfa da karare da kashin shanu, a kuma ji wani gurnani daga sama kamar na motar da ke tafe daga nesa. Wanda ya ga haka ya koma gaɓa, ya hau sama. In kuwa ya tabbata ruwan na ƙetaruwa ne, to, a nemi inda ya yi faɗi ya baje, domin inda ya matse nan ya fi zurfi da gudu, ko da yake nan ne ido ya fi so saboda kusancin hayi. A guji bayan lanƙwasa, inda ruwa ke ƙwaƙule gaɓa. A fuskanci inda ruwan ke fitowa, a kafa sanda a gaba, a riƙa jan ƙafa a kaikaice, ɗaya bayan ɗaya. Kaya a sassauta shi yadda za a iya yar da shi nan take. Kada a ɗaura wa kowa igiya a ƙugu, don in ya faɗi ita za ta danne shi a ƙarƙashin ruwa. Mace mai goyo kuwa ta kwance ɗan ta miƙa wa namiji mafi tsawo ya ɗora a kafaɗa, don in ta zame da shi a baya rai biyu ne a cikin zane ɗaya.

Abu na uku shi ne wanda ya fi sauƙi, ya kuma fi wuyar karɓa. Ƙoramar tudu yadda ta cika da sauri haka take janyewa da sauri, sau da yawa cikin 'yan sa'o'i. A kafa tsinke a bakin ruwan, a zauna, a duba ko yana hawa ko yana sauka. Hausawa sun ce hanyar lafiya a bi ta da shekara, amma a nan ko yini ba a nema ba. A ganina yawancin waɗanda ƙorama ta ci ba jahiltar ruwa suka yi ba, kasuwa ce ke ci a hayi, ko magariba ta gabato, ko kuma wani ya riga ya ƙetare a gabansu suna jin kunyar a ce sun ji tsoro.

Sai dai kada a ɗauki wannan hukunci a ɗora wa Kwara. Shi ba ya janyewa cikin yini. Cika biyu yake yi a shekara: ta farko daga ruwan da ya sauka a nan kusa, wadda ke kai ƙarshenta wajen Satumba, ta biyu kuma daga ruwan duwatsun Gini, wanda ke daɗewa a fadamun Mali, bai iso mana sai cikin hunturu. A ambaliyar 2020, wadda ta cinye shinkafar Jihar Kebbi, ruwa ya yanke hanyoyin mota a wannan yanki, mutane suka koma wa kwalekwale da tsofaffin turbobin tudu. Sha'anin kogi na Sarkawa ne da sarkin ruwa, kuma magana ce ta wata rana.

To, ga inda al'amarin ya rikice. Duk abin da na faɗa zuwa yanzu yana tura matafiyi sama ne, ya bar kwari ya hau tudu. Aradu kuwa kora shi take yi ƙasa. Ita abu mafi tsawo a wuri take nema, kuma a kan shimfiɗaɗɗen tudu wanda ba itatuwa, abu mafi tsawo shi ne mutumin da ke tsaye. In akwai giginya ko rimi guda ɗaya tilo, to, ita ce, kuma nan ne kowa ke rugawa ya fake. Ana iya auna nisan hadari da ƙirga. Haske nan take yake isowa, ƙara kuwa tana cin wajen mita 340 ne a daƙiƙa, watau kilomita ɗaya cikin daƙiƙa uku. In ka ga walƙiya ka ƙirga 30 kafin ka ji tsawa, hadarin yana wajen kilomita 10, kuma aradu tana iya kaiwa nan. Wurin da ya fi dama shi ne tsakiyar gangare, ƙasa da ƙololuwa, sama da inda ruwa ke bi, a cikin gajerun itatuwa masu yawa. Ba na cewa nan ɗin amintacce ne, don a daji babu amintaccen wuri, amma ya fi sauran. 'Yar rumfar dutse marar zurfi ba mafaka ba ce. In jama'a ce, su warwatsu, kowa ya ba ɗan'uwansa tazara, don in ta sami ɗaya a sami mai taimakonsa. A haɗe ƙafafu wuri ɗaya, kada a kwanta, saboda yawancin waɗanda take kashewa ba a kansu take faɗa ba, ƙasa take bi ta shiga ta ƙafa ɗaya ta fita ta ɗaya. Dalilin da ya sa take kashe shanu da yawa a lokaci guda ke nan, don tazarar da ke tsakanin ƙafafunsu na gaba da na baya mai yawa ce, kuma makiyayi ya kamata ya ɗan ja baya daga garke. Bayan tsawa ta ƙarshe a ƙara minti 30 kafin a koma bisa.

Akwai wata al'ada da ya wajaba in taɓa. A wurare da yawa mutane suna tsoron taɓa wanda aradu ta buga, suna jiran a zo a yi waɗansu tsare-tsare tukuna. Jikinsa ba ya riƙe wuta ko kaɗan. Abin da ya same shi sau da yawa shi ne zuciya da numfashi sun tsaya, kuma in aka yi maza aka shiga danna masa ƙirji ana hura masa iska, yana iya farfaɗowa. Haka nan wayar hannu ba ta jawo aradu, kamar yadda ake ta yaɗawa.

Sanyi ma yana kisa, ko da yake baƙon abu ne a faɗi haka a ƙasar zafi. Ruwa yana janye ɗumin jiki fiye da iska kamar sau 25, don haka yaro ko tsoho da ya jiƙe sharkaf, iska tana kaɗa shi a kan tudu, ba abinci a cikinsa, yakan fara karkarwa, daga nan magana ta sarƙe, ya nemi kwanciya. Kakanninmu suna da kabido na kaba da malfa. Yau leda babba ta wadatar, in an haɗa da busasshiyar riga ɗaya a ƙulle a wata ledar.

Sai maciji. Ruwa yana fito da shi daga rami ya hau tudu, daidai inda mutum ma ya gudo, ciyawa kuma ta rufe turba. Wadda ta fi yi mana ɓarna ita ce kububuwa, 'yar ƙarama mai launin ƙasa, wadda dafinta ke hana jini daskarewa, har a ga dasashi yana zub da jini. A shekarun 1970, a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Dokta David Warrell da abokan aikinsa suka daidaita wani gwaji mai sauƙi wanda ake amfani da shi har yau: a zuba ɗan jinin wanda aka sara a busasshiyar kwalba mai tsabta, a bar shi minti 20, in bai daskare ba to dafin ya shiga jini, sai allurar maganin dafi. A hanya kuwa kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A hana ƙafar motsi da ɗan itace kamar an yi ɗori, a ɗauki mutumin, kada a bar shi ya taka. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci, abin da mutumin ƙauye ya daɗe da sani.

Abin da ya rage shi ne mu tambayi me ya sauya daga zamanin madugai. Na ɗaya babur. Ɗan kabu-kabu yana isa mashigi da mutum biyu da buhu a baya, kuɗinsa kuma a yawan sawu yake, saboda haka zaman jiran ruwa asara ce a gare shi, ga shi babur ya fi mai ƙafa saurin kifewa a ruwa, kuma ba ya kare kowa daga aradu yadda mota mai rufin ƙarfe ke yi. Na biyu saran itace don gawayi da faɗaɗa gonaki har kan gangare, wanda ya sa ruwa ya fi saurin gangarowa, kwazazzabai kuma suna cin turbar da aka saba bi. Na uku siyasar iyaka. Da Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a Agustan 2019, tsakiyar malka ke nan, zirga-zirga ta bar titi ta koma daji, yawancinta kuma da dare. Daga ƙarshen 2021 hare-haren 'yan bindiga suka soma a arewacin Benin, a 2024 kuma rundunar sojan Nijeriya ta bayyana ɓullar Lakurawa a jihohin Sakkwato da Kebbi. Mutumin da ke tsoron kwana a bakin ƙorama saboda masu bindiga, in ka ce masa ya zauna ya jira ruwa ya janye, ka san ba ƙaramin abu ka nema a wurinsa ba.

Ba kowace ƙorama za a yi wa gada ba, kuɗin ba zai yiwu ba. Amma akwai abin da ƙaramar hukuma da masu unguwanni za su iya kafin damina mai zuwa. A kafa turken kankare a kowane mashigi da ake yawan bi, ɗaya a kowace gaɓa, a shafa masa farin fenti daga ƙasa zuwa gwiwar babban mutum, daga nan zuwa sama ja, yadda wanda bai yi karatu ba ma zai gane, kuma tocila za ta haska shi da dare. A sami mutum ɗaya a ƙauyen da ke sama da ɗaya a na ƙasa su riƙe lambar wayar juna, wanda aka yi ruwa a wajensa ya kira ya faɗa. Da yake waɗansu ƙoramun suna ratsa iyakar, wani lokaci wanda zai yi kiran yana ƙasar Segbana ne, wanda zai amsa kuma yana ƙasar Ka'oje, sai a tanadi layin waya na ƙasashen biyu.